Direba ko midirenj: wane faifai zaka fara saya in a daji kake buga disk golf

Wani ɗan uwa ɗan Maraɗi da muke haɗuwa sallar Juma'a a nan garin Shalot, jihar Karolina ta Arewa a Amurka, ya bi ni wasan disk golf, wato wasan jifan faifan roba zuwa cikin kwando, sau biyu yana jifa da faya-fayaina, to ranar Laraba da yamma sai ga hoto ya shigo min ta WhatsApp, yana tsaye a shagon kayan wasanni da faifai biyu a hannu, ya rubuta "Yayana wanne zan ɗauka? kuɗin guda ɗaya ne dani yau". Ɗaya direba ne, wato faifan jifa mai nisa, mai lamba 12 a jiki, baƙi wul yana sheƙi, ɗayan kuma midirenj ne, faifan matsakaicin nisa, mai lamba 5. Nace masa ya mayar da direban inda ya ɗauko shi ya biya kuɗin midirenj ɗin. Yace ai mai shagon yace direban yafi nisa. Mai shago bai yi ƙarya ba, sai dai bai tambaye shi ina zai je ya yi wasan ba, mu kuwa filayen da muke zuwa kusan dukkansu a cikin daji suke, kuma abin da ke yi maka aiki a buɗaɗɗen fili shi ne ke wahalar da kai a tsakanin bishiyoyi. A waya na bashi amsa a gaggauce, shi yasa na zauna in yi bayanin a tsanake, don nasan akwai 'yan uwa da yawa a ƙasar nan da wurin shaƙatawar unguwarsu yana da irin kwandunan nan suna wucewa kullum basu san na meye ba.

Wasan kansa mai sauƙin ganewa ne. Akwai ɗan dandamalin siminti da kake tsayawa ka yi jifan farko, can gaba kuma akwai kwandon ƙarfe a kan sanda da sarƙoƙi suna reto a samansa, faifai ya doki sarƙa ya faɗa ciki shikenan ka gama wannan. Duk inda faifanka ya tsaya nan zaka je ka sake jifa, wanda ya zagaye da jifa mafi ƙaranci shi ya ci. Cikakken fili kwando 18 ne, wasu 9, kuma a yawancin kwandunan jifa uku ne ma'auni, wato adadin da ake sa ran ka saka da shi. Ed Headrick ne ya kafa fili na farko a 1975 a Oak Grove Park gefen Pasadena a Kalifoniya, shi ya kafa PDGA, ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasan, a 1976 kuma shi ya ƙirƙiro kwandon mai sarƙa, kaga ko sunan wurin farkon ma kurmin itatuwa yake nufi, wato tun ranar gini wasan nan tare da bishiya ya taso. Mu a Shalot Allah ya hore mana filaye, Reedy Creek, Hornets Nest, Nevin, Kilborne, Renaissance, duk a wuraren shaƙatawa na gwamnati, ba tikiti ba kuɗin ƙofa, ka faka motarka ka shiga kawai. Gasar duniya ta 2012 a garin nan aka yi ta, nan Paul McBeth ya ɗauki kofinsa na farko.

Sai ka tsaya a kan simintin nan a cikin daji sannan zaka gane abin da nake nufi. Gabanka wata siririyar rariya ce da aka share tsakanin dogayen itatuwan fain da ok, faɗinta wani lokaci bai wuce a jera mota biyu ba, sama rassa sun rufe, hagu da dama sarƙaƙiya ce da ƙaya, wani wurin kwazazzabo da ɗan rafi a ƙasa. Kwandon ma sau da yawa baka hango shi, sai allon da ke gefen siminti ya nuna maka da zane cewa hanya ta miƙe ƙafa ɗari biyu sannan ta karya dama. A irin wannan wuri ba wanda yake tambayarka nisan jifanka, abin da ake kallo shine faifanka ya bi tsakiyar rariyar nan ya sauka a inda zaka iya tsayawa ka sake jifa ba tare da ka durƙusa ƙarƙashin reshe ba.

Ka riƙe su biyun a hannu tukunna. Girmansu kusan ɗaya ne, faɗin santimita 21 da ɗoriya, bambancin a baki yake. Direba siriri ne, bakinsa mai kaifi da faɗi, irin su Destroyer na kamfanin Innova faɗin bakin ya haura santimita biyu, yatsunka sai sun miƙe kafin su kama cikinsa. Wannan baki mai kaifi Dave Dunipace ne ya fito da shi a 1983 shekarar da aka kafa Innova, kafin nan faya-fayan duk masu kaurin baki ne irin na wasan cafe-cafe a bakin ruwa. Midirenj kuwa bakinsa a dakushe yake, kusan rabin faɗin na direba, yana zama daram a tafin hannu. A jikin yawancinsu zaka ga lambobi huɗu a jere. Ta farko gudu, ta biyu yadda yake daɗewa a iska, ta uku yadda yake karkata dama lokacin da yake da ƙarfi, ta huɗu yadda yake faɗowa hagu in ƙarfinsa ya ƙare, wannan ga mai jifa da hannun dama ta bayan hannu kenan, bahago sai ya juya lissafin. Destroyer lambobinsa 12, 5, -1, 3. Buzzz na kamfanin Discraft wanda shine midirenj ɗin da ɗan uwan nan ya ɗauko 5, 4, -1, 1.

Inda sabon shiga yake ruɗewa shine lambar farkon nan. Yana ɗauka 12 tafi 5 don haka zai fi nisa ninki biyu, alhali lambar tana faɗa maka irin ƙarfin da faifan yake nema daga hannunka ne kafin ya tashi yadda aka ƙera shi. Ɗan uwan namu direban motar kai kaya ne sai nace masa ka taɓa sa mota a giya biyar kana tafiyar kilomita ashirin? yace sai ta yi ta shaƙewa. To haka faifan yake yi. In hannunka bai kai shi gudun da yake so ba, ba zai miƙe ba sam, yana barin hannunka zai ɗan tafi sannan ya kifa hagu da ƙarfi tun bai yi rabin hanya ba, kuma da yake a karkace yake sauka da bakin nan mai kaifi, yana taɓa ƙasa sai ya yi tsalle ya ƙara sulalewa hagu wata ƙafa ashirin ko talatin. A filin ciyawa wannan ba komai bane, ka taka ka ɗauko ka sake jifa, kwando yana nan kana ganinsa. A daji hagun nan sarƙaƙiya ce. Ga kuma abin da ba a cika faɗa wa mutum a shago ba, sabon ɗan wasa in ya jefa direba ya jefa midirenj nisan da ke tsakaninsu ɗan kaɗan ne, wani lokacin ma midirenj ɗin ke wucewa don shi yana miƙewa yana shawagi, wancan kuwa ya riga ya faɗo. Na gwada wannan da mutane da dama a filin ƙwallo da yamma, su jefa duka biyun mu taka mu gani, kusan kullum a kusa da juna muke tsintarsu, bambancin kawai ɗaya yana tsakiya ɗaya yana can gefe.

Ni da direba na fara shi yasa nake maganar da zafi haka. Watannin farko kusan rabin lokacina a cikin ƙaya nake yinsa, kuma akwai wata Asabar a watan Nuwamba da bana mantawa, ganye ya zube ya rufe ƙasa har idon sawu, na jefa direbana mai ruwan ƙasa-ƙasa ya tafi kamar zai yi kyau sai gefensa ya shafi wani siririn icce, naji ƙwas, ya canza hanya ya nufi dama da gudunsa ya shige gangare. Mu huɗu muka sauka muna share ganye da ƙafa. A dokar PDGA minti uku ake baka ka nemo faifai, in ya wuce an ɗauka ya ɓata, a ƙara maka jifa ɗaya na tara ka koma inda ka jefo ka sake, mu da ba gasa muke ba mun fi minti ashirin muna nema har wasu rukuni biyu suka wuce mu, bamu gan shi ba har yau. Bayan kwana biyu kuma sai ƙuraje suka feso min a ƙwauri da bayan hannu da ƙaiƙayi irin wanda ke hana barci, ashe cikin tsiron nan mai ganye uku-uku na shiga, wanda turawa ke kira foizin aibi, ko ganyensa ya zube jijiyarsa da sandarsa suna da man da ke ƙona fata. Duk wanda ya taɓa faɗawa cikin ƙarara a gona ya san kwatankwacin abin, sai dai wannan yana iya kai sati biyu ko fiye. Ga kaska a lokacin zafi, ga macijin nan mai kai ruwan jan ƙarfe da ake samu a yankin nan wanda launinsa sak busasshen ganye. Duk waɗannan a gefen hanya suke zaune, kuma faifan da yake yawan kai ka gefen hanya shi yake haɗa ka da su.

Midirenj halinsa daban. Ko da matsakaicin ƙarfi ka sake shi a kwance zai tafi a miƙe, a ƙarshe ya ɗan jingina hagu kaɗan ya sauka a kan cikinsa ya tsaya kusan inda ya taɓa ƙasa. In ka karkatar da gefensa ƙasa, abin da 'yan wasa ke cewa haiza, zai bi lanƙwasar hagu a hankali, in ka ɗaga gefen, wato anhaiza, zai riƙe dama ya bi ta, kuma daji duk lanƙwasa ne, don haka kana buƙatar faifan da yake bin kusurwar da ka bashi. Direba a hannun sabon shiga duk kusurwar da ka bashi hagu zai koma. Sannan maganar dukan bishiya, wlh kowa yana dukan bishiya, har zakarun duniya, amma midirenj in ya doki icce yawanci faɗowa yake a gindin iccen ko kusa, ka matsa taku biyu ka ci gaba, direba kuwa da gudunsa da kaifin bakinsa tsalle yake ya tafi inda Allah ya kai shi. Wani abin kuma da na fi ɗauka da muhimmanci, midirenj baya ɓoye maka kuskurenka. In ka murɗa wuyan hannu zai kife dama ka gani da idonka, in ka ɗaga hancinsa sama zai hau ya tsaya ya faɗo, nan take ka san abin da zaka gyara. Direba mai lamba 12 duk yadda ka jefa shi sakamako ɗaya yake baka, sai ka shekara baka san me hannunka yake yi ba.

Mu yi lissafi da kwando guda, a ce nisansa ƙafa 280 a cikin rariya. Mai midirenj ya jefa ƙafa 180 a tsakiya, saura 100, ya sake jefawa ya ajiye shi kusa da sanda, na uku ya saka, ko ya kuskure ya saka a na huɗu. Mai direba ya jefa ƙafa 200 amma yana cikin sarƙaƙiya, jifansa na biyu na fitowa ne kawai, a durƙushe, ya turo shi gefe ya dawo hanya, na uku ya nufi kwando, na huɗu ko na biyar ya saka. Ka ninka wannan sau 18 ka gani. Ƙafa ashirin ɗin da ya riga ka da ita ya biya ta da jifa guda cur, ba girin-girin ba dai ta yi mai.

Amma kar a ce na zalunci direba, akwai inda ba abin da zai maye gurbinsa. In filin unguwarku buɗaɗɗe ne, ciyawa shimfiɗe, kwanduna masu ƙafa 400 ko 500, to ranar da hannunka ya ƙosa zaka buƙace shi, midirenj yana da iyakar da baya wucewa. Iska ma wani abu ce, a fili in tana busowa ta gabanka faifai mai laushin hali kifewa yake, sai mai taurin kai irin direba ke iya ratsa ta, a daji kuwa bishiyoyi sun tare maka yawancin iskar shi yasa wannan fa'idar bata cika aiki a can ba. Akwai kuma masu jifa ta gaban hannu, wato ta gefe kamar yadda muke jifan mangwaro da guntun icce muna yara, su da yawansu sun fi jin daɗin baki mai faɗi don yatsa yana samun wurin zama, kuma faifai mai ƙarfin komawa yana jure murɗawar da irin wannan jifan ke zuwa da ita. Su ƙwararru har a daji suna ciro direba in hanya doguwa ce kuma rassa sun yi ƙasa, don yana iya tafiya ƙasa-ƙasa da nisa, wani lokacin ma tsallen nan da yake yi a ƙasa da gangan suke nemansa don ya zagaya kwana. In kaje kallon gasar USDGC, wato ta zakarun Amurka, da ake yi a harabar jami'ar Winthrop a Rock Hill tun 1999, tafiyar kamar rabin awa daga nan, zaka ga abin da direba yake yi a hannun wanda ya isa, abin sha'awa ne ƙwarai. Sai dai waɗannan mutane sun yi shekaru suna abu ɗaya, kuma su ma ka lura da abin da suke cirowa daga jaka in hanya ta matse.

Tsakanin biyun akwai ƙaramin direba, mai lamba 6 ko 7, irin su Leopard mai 6, 5, -2, 1 da Teebird mai 7, 5, 0, 2. In mutum ya matsa lallai sai ya riƙe wani abu mai suna direba to Leopard nake nuna masa, don yana tashi da ƙaramin ƙarfi kuma yana miƙewa, shine faifai na uku da ya kamata ya shiga jakarka bayan wata biyu ko uku. Na biyu kuwa fota ne, faifan saka wa a kwando, mai kaurin baki kamar murfin kwano, irin su Aviar mai 2, 3, 0, 1. Shi baya cikin gardamar nan don dole ne, duk abin da ya rage ƙafa hamsin zuwa ƙasa aikinsa ne, yana kama sarƙa ya zauna, in ka kuskure kuma baya gudu ya bar ka da nisa. Da ɗan uwan nan yana da kuɗin biyu da midirenj da fota zan ce ya ɗauka. Da guda ɗaya kuwa midirenj, don zaka iya saka shi a kwando, zaka iya jifan farko da shi, na sha zagaye kwando 18 da shi kaɗai a hannu ba jaka kuma makin da nake samu bai cika bambanta da ranar da na ɗauko komai ba.

Su kansu midirenj ɗin ba ɗaya suke ba. Buzzz tun 2003 yake kasuwa kuma da wuya ka buɗe jakar ɗan wasa a nan baka ga irinsa ba, samansa a shafe yake, yana da ɗan komawa hagu a ƙarshe wanda ke sa ka san inda zai sauka. Mako3 lambobinsa 5, 5, 0, 0, shi kamar an ja zare yake tafiya, a siririyar rariya ba kamarsa, amma baya yafiya, yadda ka sake shi haka zai tafi ko daidai ko kuskure. Roc tsohon hannu ne mai 4, 4, 0, 3, sabonsa yana komawa hagu sosai, sai ya sha duka ya tsufa yake miƙewa, masoyansa har guda uku suke ɗauka masu tsufa daban-daban, ban cika ba sabon shiga shawarar farawa da shi ba. In ka rasa na zaɓa ka riƙe Buzzz da Mako3 ka rufe ido, wanda yafi zama a hannunka ka ɗauka, ba zaka yi nadama da ko ɗaya ba.

Sai roba, kuma a daji wannan zaɓin ya kusa kai na farkon nauyi. Kowane faifai ana yinsa da roba iri-iri. Akwai mai araha, wajen dala goma ko sama kaɗan, Innova suna ce mata DX, tana da daɗin riƙo ko hannu da gumi ko da raɓa, amma tana da saurin jin ciwo, in direba ne da ita ya doki icce da ƙarfi sau biyu uku sai bakin ya lotsa ya tauye, tashinsa ya canza. Akwai mai tsada da ta kusa dala ashirin, Champion da Star a Innova, Z da ESP a Discraft, ita sai ta shekara tana dukan bishiya tana nan yadda take. Araha bata ado, faifan da zaka riƙa jifan farko da shi a daji ka daure ka sayi mai tsadar, bambancin bai kai kuɗin abincin rana ɗaya ba. Fota kuwa mai arahar ta fi, baya tafiya da gudun da zai lalace kuma riƙon ne kake nema. Abu ɗaya da zan faɗa game da mai sheƙin nan irin Champion da Z, da sanyin safiya ko in ganye ya jiƙe santsi take yi, ka riƙa yawo da ɗan tawul.

Launi kuma kar ka bi kyau. Baƙi, kore, ruwan ƙasa, da mai garai-garai da ake ganin ƙasa ta cikinsa, duk ka barsu a shago. Ruwan hoda mai haske shine sarki a daji don ba abin da ke kama da shi a ƙasa, shuɗi mai haske ma yana yi, ruwan lemo da rawaya suna da kyau da bazara amma daga Oktoba in ganye ya juya launi sai su saje. Ka sa alƙalamin maka ka rubuta sunanka da lambar wayarka a cikinsa tun a mota, al'adar wasan ce wanda ya tsinta ya kira, ni an kira ni har sau biyu. Nauyi kuma, midirenj yana kaiwa giram 180, direba yawanci 175 ne ƙarshensa, babban mutum ya nemi midirenj tsakanin 170 da 177, mata da yara da wanda kafaɗa ke damu su sauko ƙasa, mara nauyi yafi sauƙin tashi kuma tunda iska bata da ƙarfi a daji ba abin da zaka rasa.

Akwai dalili guda da ba na maki ba wanda ni a wurina ya isa shi kaɗai. Wurin nan na jama'a ne, hanyar masu tafiya a ƙasa tana ratsa wasu filayen, zaka ga tsohuwa da karenta, mai tura keken jariri, yara a guje sun fito daga bayan bishiya. Direba mai kaifin baki in ya sami mutum a fuska ko a kai rauni ne na gaske, har ɗinki. Wanda bai san inda faifansa zai nufa ba bai kamata ya riƙe mafi haɗarin ba a wurin da mutane ke wucewa. Ko da midirenj ɗin ma ka tsaya sai hanya ta zama ba kowa, in kuma ya kuɓuce ya nufi mutum ka ɗaga murya ka ce "fo" yadda suke yi, kowa a nan ya san ma'anarta ya sunkuya.

Wani zai ce to me zai hana in sayi kwalin nan na masu farawa mai faifai uku. Ba laifi, na Innova yana zuwa da Aviar da midirenj mai suna Shark da Leopard, zaɓi ne mai hankali, ba direba mai lamba 12 a ciki, kuma kuɗinsa bai kai a sayi uku daban-daban ba, in iyali ne za a fita da yara ko kana so ka gwada ne kawai ka gani ko wasan zai shiga ranka shi zan ce ka saya. Inda ya gaza shine duka ukun robar araha ce, yawanci marasa nauyi, kuma baka da zaɓin launi sosai, a daji Leopard ɗin zai tsufa da wuri. Wanda ya riga ya san zai ci gaba gara ya sayi midirenj mai kyau ɗaya da fota mai araha ɗaya, kuɗin kusan ɗaya ne. Ka kuma tambayi shagon ko suna da faya-fayai na hannu, shagunan disk golf da yawa suna sayar da waɗanda aka yi amfani da su a rabin kuɗi, kuma midirenj da ya ɗan tsufa yafi sabo miƙewa. Manhajar UDisc kuma ka sauke ta kafin ka fita, tana nuna filayen da ke kusa da kai da taswirar kowane kwando, a daji in ba ita ba zaka iya gama kwando na 6 ka rasa ina na 7 yake, kuma in filin yana da dandamali biyu, na kusa da na nesa, ka fara da na kusa.

Ɗan uwan namu dai ya mayar da baƙin direban, ya kuma canza midirenj ɗin da ke hannunsa ya ɗauko mai ruwan hoda giram 175, na bashi aron tsohon fotana. Ranar Asabar bayan asuba muka shiga Reedy Creek tun raɓa bata bushe ba, a kwando na farko ya doki icce, na biyu ma haka, amma duk a gindin iccen yake tsintar abinsa, ba mu sauka gangare neman komai ba ranar. Wajen kwando na goma sha wani abu ya saki ɗaya a kwance, muka tsaya muna kallonsa yana bin tsakiyar rariya shiru har ya sauka kamar taku goma daga sanda, ya juyo yace "Yayana ka gani?" nace na gani, je ka saka shi. Ya saka a jifa na biyu, muna tafiya kwando na gaba yana tambayata nawa ake sayar da fota irin wanda na ara masa.